In zaka shiga daji da ƙafa: yadda hanya take canzawa daga damina zuwa bazara

Duk hutun sallah ko ƙarshen shekara sai ƙannena da suke karatu a birni sun dawo gida da abokansu suna ta damuna, Yaya don Allah a kaimu daji mu sha iska mu ɗau hoto. Da farko dariya abin yake bani, don mu da muka tashi da kiwo da yin itace bamu san ana shiga daji don nishaɗi ba, aiki ne yake kai mutum. Amma da na ga da gaske suke, har wani ya zo min da silifas da fiya wata biyu a leda wai ya shirya, sai nace gara in zauna in rubuta abin da na sani. Ni ɗan kudancin Kano ne ta wajen Tudun Wada, dajin da na buɗe ido na gani shi ne Falgore, sannan ina zuwa ƙasar Haɗeja wajen dangin mahaifiyata, nan na san Baturiya. Abin da nake so ka riƙe tun yanzu, turbar da ka bi a watan Janairu kana fito da hannu a aljihu, in ka dawo mata a Agusta ba zaka gane ta ba, wata hanya ce daban mai halinta daban.

Mataki na farko: tambaya kafin ɗaura takalmi

Falgore ba dajin bayan gari bane da zaka faɗa masa haka kawai. Gandun daji ne na gwamnati, yana tsakanin Doguwa da Tudun Wada da Sumaila, wajen kilomita 150 daga birnin Kano in ka biyo titin Jos, kuma titin ta cikinsa ya ratsa. Kogin Kano ma ta ciki yake bi kafin ya zuba a dam ɗin Tiga. Baturiya kuma tana ƙaramar hukumar Kirikasamma a Jigawa, cikin fadamun Haɗeja da Nguru. A ƙarshen 2020 gwamnatin tarayya ta saka su biyun cikin wurare 10 da aka amince su zama gandun daji na ƙasa. Ma'ana akwai masu kula da wurin, ba a farauta ba a saran itace, kuma kana buƙatar izinin ma'aikatan gandun daji kafin ka zurfafa.

Sai maganar tsaro, wadda ba zan ɓoye maka ba. Falgore ya yi suna a shekarun baya da ɓarayin shanu da 'yan fashi, har sojoji suka kafa wurin atisaye a ciki, to ka ga mutum ya ɓullo daga duhuwa da jaka a baya ba wanda ya san da zuwansa ai ya jawowa kansa tambayoyin da ba zai ji daɗinsu ba. Don haka ka fara da gidan mai unguwa ko dagacin ƙauyen da zaka shiga ta wajensa. Ka durƙusa ka gaida shi, ranka ya daɗe mu baƙi ne daga wuri kaza, muna so mu zaga bakin daji mu dawo kafin la'asar, ko akwai inda ba a zuwa yanzu. Shi zai haɗaka da 'yan sintiri ko wani maharbi ko makiyayi da ya san wurin. In yace kar ku shiga satin nan, kar ka tsaya neman dalili, ka sha furarka ka koma gida.

Kuma tambayar da tafi kowacce amfani ita ce waye ya fito daga can jiya ko shekaranjiya. Shi zaka nema. Wanda rabonsa da wurin tun bara labarin bara zai baka. Ɗan rakiya kuma ku yi ciniki tun a gida, ka biya shi da mutunci, ka ɗaukar masa abinci da ruwa kamar yadda ka ɗaukarwa kanka.

Mataki na biyu: zaɓen lokaci, nan ne duk maganar take

Bari in fara da damina don ita tafi ruɗar baƙo. Daga Yuni zuwa Satumba daji kore shar, kaɗanya ta nuna tana zuba, iska mai daɗi, hoto yana kyau, shi yasa 'yan birni suke ƙwallafa rai a kanta. A farkonta, Yuni zuwa farkon Yuli, ba laifi wallahi, ciyawa bata wuce idon sawu ba, ƙasa ta yi laushi ba ƙura, kana ganin inda kake sa ƙafa. Amma da marka ta kankama a Agusta sai labari ya sha bamban. Turba ta zama hanyar ruwa, jar ƙasar nan ta kudu tana santsi kamar an shafa mata kuɓewa, a fadama kuma laka tana kama takalmi ta cire maka shi, tafiyar da kake yi a awa ɗaya da rani sai ta ci maka biyu.

Babban abin tsoro dai korama ce. Na taɓa raka wasu samari uku a irin wannan lokaci, da hantsi muka tsallaka wani rafi ruwan iya ƙwauri, har ɗayansu ya tsaya a tsakiya yana ɗaukar bidiyo. Inda muke ko ɗigo ba a yi ba, sai dai muna hango hadari ya yi baƙi can saman duwatsu ta kudu muna jin cida sama sama. Da muka juyo bayan azahar rafin nan ya cika ya batse, ruwan ja jawur kamar kunun kanwa, yana tafe da kututture da reshe yana wani irin ƙugi da sai ka ɗaga murya a ji ka. Ƙaramin cikinsu yace Yaya ai na iya ruwa, na koya a otal. Wani dattijon Bafulatani da yake zaune a gaɓa da sandarsa yana jira shi ma, ya dube shi yace yaro zauna, ko saniya bata shiga wannan. Muka ce to Baffa sai yaushe, yace sai ya sauka. A rugarsu muka kwana kan buzu, sauro ya yi mana rubdugu, da asuba ruwan ya koma iya gwiwa muka wuce. A gida kuwa an kwana ana nemanmu don ba sabis. Laifina ne, na ga hadarin na raina shi don ba a kanmu yake ba, alhali ruwan da ya sauka a tudu kwari yake nema.

To in dole sai ka shiga da damina, ka zaɓi hanyar da ba ta tsallaka rafi, ko in ta tsallaka ka ƙirga su ka san duk wanda ka haye da safe yana jiranka da yamma. Ruwa mai gudu in ya wuce gwiwa a barshi. In zaka haye wanda bai kai ba, ka sa sanda a gaba kana dogarawa, fuskarka tana kallon inda ruwan yake fitowa, ka sassauta igiyar jaka yadda zaka iya yar da ita. Hadarin gabas in ya taso da walƙiya ka sauka daga kan dutse, kar ka fake gindin doguwar bishiyar da take tsaye ita kaɗai a fili, aradu ita take nema. Baturiya kuwa daga Agusta zuwa Oktoba ma ba maganar ƙafa, ruwan kogin Haɗeja ya malale ko'ina, sai kwalekwale.

Kaka, wato Oktoba zuwa Nuwamba, mutane suna ɗauka da ruwa ya ɗauke shikenan hanya ta buɗe. Ina. A ganina ma ita ce tafi wuyar sha'ani. Gamba ta fi mutum tsayi ta rufe turba ruf, baka ganin na gabanka in ya baka taku goma, da safe raɓa ta jiƙa ka sharkaf har ƙirji, da rana zafin agazari ya dafa ka a cikin ciyawa ba iska. Ƙarangiya ta cika wando, kaska tana hawa ƙafa, ga ƙarara, wata 'yar yaɗo mai kwanso da gashi gashi, in ta taɓa fatarka zaka yi susa har ka manta sunanka, kuma garin susar kake ƙara shigar da ita. Lokacin macizai ne ma sosai, shi yasa manoma suke yawan gamuwa da sara wajen girbi da ɗaukar dami. Sannan lokaci ne da amfani yake gona shanu kuma suna neman hanya, ran kowa a kusa yake, kar ka ratsa gonar mutum don yanke, ka bi burtali ko gefen gona, in ka ga mai gona ka yi sallama da sannu da aiki. Daɗin kaka ɗaya ne, ɗinya ta nuna ga ɗanyar gyaɗa da rake a ƙauyuka.

Hunturu shi ne lokacin, daga Disamba zuwa tsakiyar Fabrairu. In karo na farko ne zaka shiga to ka bari sai nan. Ciyawa ta bushe ta kwanta ko shanu sun tattake ta, koramu sun zama yashi sai kududdufai jefi jefi, sauro ya ragu, kana iya tafiya har azahar baka galabaita ba. Dabbobi ma a nan ake ganinsu don daji ya yi haske, birai da zabin daji da makwarwa da zomo, wani lokaci gada in kana da rabo kuma kun iya yin shiru. Kar dai ka sa rai da manyan namun dajin da kakanni suke bada labari. Kanya da magarya da tsamiya duk suna nan. A Baturiya kuma wannan ne lokacin tsuntsaye, ruwa ya ja baya ya bar tafkuna, ga na gida irin su kirinjijiya da dinya da belbela, ga baƙi da suke tahowa tun daga Turai gudun sanyin can, da sassafe in suka tashi gaba ɗaya sai ka ji kamar an kaɗa babban tabarma a sama. Tafiyar can daban take da ta Falgore, ba dutse ba hawa, sai dai baƙar laka da ta bushe ta dare, ramukan sawun shanu sun ƙame a ciki, in baka kallon ƙasa targaɗe zaka yi. Ga ciyawar kacalla ta toshe bakin ruwa a wurare da yawa, kar ka kutsa cikinta.

Amma hunturu ma da nasa. Sanyin asuba a bakin rafi yana shiga ƙashi, ka taho da rigar sanyi wadda zaka iya cirewa ka cusa a jaka da hantsi. Iska tana busar da mutum baya jin ƙishirwa, sai leɓe ya fashe, kai ya fara sarawa, wani har haɓo, don haka ka dinga kurɓar ruwa ko baka so, ka shafa man kaɗe ko basilin a leɓe da dunduniya. Ranar da hazo ya sauka sosai dutsen da kake saiti da shi ɓacewa yake, rana ma ta koma kamar faranti fari, nan ake ɓata. Sai gobarar daji, da masu farautar ɓera da gafiya da masu neman sabon toho suke sakawa. Wuta tana bin iska kuma tafi gudu in tana hawa tudu, kar kace zaka tsere mata a gaba cikin busasshiyar ciyawa, ka yanke gefe ka nemi yashin rafi ko faƙo ko inda ta riga ta cinye. Inda aka ƙone kuma guntayen gamba suna tsaye kamar ƙusa, suna huda takalmi mai taushin ƙasa.

Bazara, Maris zuwa Mayu, gaskiya ban cika raka kowa ba. Zafi yana haura digiri 40 a Afrilu, yawancin bishiyoyi sun kaɗe, inuwa sai gindin tsamiya ko maɗaci ko kanya ko gawo, shi gawo dama da rani yake ganye da damina ya zubar. Dutse yana ƙona tafin hannu. In ka matsa sai ka je, ka fita ana idar da sallar asuba ka dawo kafin ƙarfe 10, shikenan. Ƙudan zuma suna taruwa a duk inda ɗan ruwa ya rage kuma a fusace suke, kar ka fesa turare ranar, kar ka jefi amya, da mai ita. In azumi ya faɗo a nan kuwa ka manta da maganar gaba ɗaya. Da ka ga shamuwa ta dawo to ruwa ya kusa, kuma ruwan farko da iska mai karya reshe yake zuwa, washegarinsa kunama da maciji duk sun fito daga ramuka.

Mataki na uku: kaya

Takalmi rufaffe mai kaurin ƙasa da safa, wanda ƙafarka ta saba da shi, sabo fil zai yi maka kanta tun kafin ku yi nisa. Da damina da kaka takalmin roba mai tsayi irin na masu noman shinkafa yafi, yana da zafi amma yana tare sara. Dogon wando mai kauri ka cusa ƙafarsa cikin safa, riga mai dogon hannu, malfa. Banda kaya masu kama da na sojoji, wannan kam kar ka kuskura. Sanda doguwa, tocila, ashana, 'yar wuƙa, katin shaida, waya da cikakken caji da fawa banki duk da sabis ɗin sai a kan tudu. Adda a bar wa ɗan rakiya.

Ruwa shi ne nauyin da ba a ragewa. Fiya wata ɗaya rabin lita ce, da hunturu ka lissafa aƙalla guda 6 na yini ɗaya, da zafi kuwa kusan lita ɗaya duk awa ɗaya ta tafiya, ban da na alwala, in ya yi ƙaranci ai ga ƙasa nan a yi taimama. Ledar kuma ka maida ta jaka, shanu suna haɗiya tana kashe su. Ruwan kududdufi ba a sha sai an tafasa, ba a kuma wanka a kwantaccen ruwa komai zafi, nan ake ɗaukar tsargiya. Guzuri mara nauyi, dabino, ƙuliƙuli, garin kwaki da suga, gyaɗa, fura in ba za a daɗe ba. Ka ƙulla gishiri da suga daban, in wani ya galabaita a haɗa masa a lita ɗaya ta ruwa, suga ƙaramin cokali 6, gishiri rabin ƙaramin cokali.

Mataki na huɗu: tafiyar kanta

Kar ku gaza mutum uku, in ɗaya ya samu matsala ɗaya ya zauna da shi ɗaya ya nemo taimako. Ku faɗa a gida ta ina zaku shiga da lokacin da za a fara nemanku. Ɗan rakiya a gaba, mai ƙarfi a baya, mai rauni a tsakiya, kuma da saurin mai rauni ake tafiya. A hanya mai kyau mutum yana cin kamar kilomita 4 a awa, a ciyawa ko laka rabin haka, da wannan zaka auna nisan da zaku iya. Dokata ita ce duk inda azahar ta same mu nan muke sallah mu juya, ko an kai inda aka nufa ko ba a kai ba, don magariba a daji bata jira.

Duk mararraba ka tsaya ka waiwaya ka kalli yadda take ta baya, haka zaka ganta in kana dawowa. Turbar shanu kuwa tana yaudara, goma ne suke rabuwa su haɗu, yawancinsu mashaya suke zuwa ba gari ba. A Falgore abin da yake taimako shi ne titin Jos, daga arewa ya miƙa kudu, in ka shiga ta gabas da shi to faɗuwar rana ita ce hanyar kwalta, in ka yi tsit ma wani lokaci kana jiyo kukan tirela. In kun tabbata kun ɓata ku daina tafiya, ku zauna a inuwa ku sha ruwa ku koma kan sawunku zuwa wuri na ƙarshe da kuka gane. In kun ci karo da ruga ku tsaya daga nesa ku yi sallama saboda karnuka, kar a shiga tsakiyar garke, kar a ɗauki hoton matan mutane.

Kututture ko dutse ba a tsallake shi kai tsaye, ka hau kai ka leƙa bayansa sannan ka sauka. Ba a zura hannu a rami ko kogon bishiya ko suri. Kafin ka zauna ka bubbuga wurin da sanda, in ka cire takalmi don sallah ka zazzage shi kafin ka mayar.

Mataki na biyar: in tsautsayi ya faɗa

Cikin macizai kububuwa ita tafi yi mana ɓarna a ƙasar nan, 'yar ƙarama ce kalar ƙasa, dafinta yana hana jini daskarewa, mutum zai ga kamar ba komai sai daga baya dasashi ya fara jini. Kasa kuma bata gudu, kwanciya take a hanya sai an taka ta. In an sari mutum ku janye shi daga wurin, ku kwantar masa da hankali, a cire zobe da agogo da duk abin da zai matse in wurin ya kumbura, a ɗaura wa ƙafar sanda kamar karaya don kar ta dinga motsi, a ɗauke shi, kar ya taka in da hali. Ba tsagawa da reza, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau da roba, na san da yawa haka muka taso muna gani amma ƙafar ake kashewa. Kar a ɓata lokaci wajen neman macijin, a nemi mashin zuwa babban asibiti inda ake da allurar dafin maciji, shi yasa tun kafin ku shiga yake da kyau ka karɓi lambar ɗan acaɓa ɗaya a ƙauyen ka kuma tambayi wane asibiti ne mafi kusa da yake da ita. Kumurci in ya tofa a ido a wanke da ruwa mai yawa nan take, a yi ta zubawa, sannan asibiti.

Zuma in ta taso ka rufe fuska da riga ka gudu nesa, kar ka tsaya kaɗe kaɗe, daga baya a kankare ƙarin da farce. Wanda harbin ya sa fuskarsa ta kumbura ko numfashi yana masa wuya asibiti da gaggawa. Wanda zafi ya buge kuma, ka ga yana layi yana magana ba kan gado, a kai shi inuwa a jiƙa masa jiki da kaya ana fifita, in yana iya haɗiya a bashi ruwan gishiri da suga kaɗan kaɗan, tafiya ta ƙare a nan.

Da kun fito ku biya ta gidan mai unguwa ku ce ranka ya daɗe mun dawo lafiya, don kar a tada mutane nemanku. A gida ka tuɓe ka duba jikinka da kyau, bayan gwiwa da hammata da matsematsi, nan kaska take maƙalewa, a kama ta dab da fata a ja a hankali kar kan ya karye a ciki. In zazzaɓi ya biyo baya cikin sati ɗaya ko biyu ka je a yi maka gwaji ka faɗa musu daji ka shiga.